Wa 'Yan Katolika Ke Durƙusa Wa? Fashin Baƙi Kan Sujada a Gaban Jibi Mai Tsarki

Duk shekara idan Nuwamba ta zo ƙarshe, ranar idin Kristi Sarki, sai tambayar nan ta dawo. Mutum yana tsaye bakin titi a Kaduna ko Jos ko Kafanchan, sai ya ga ayarin 'yan Katolika sun cika hanya, matan Zumunta da ankonsu, 'yan kwaya na waƙa, yaran bagadi riƙe da kyandir da kaskon turare, ga Fada a ƙarƙashin rumfar yadi ya ɗaga wani abu mai ruwan zinariya da ya yi kama da rana, da an kaɗa ƙararrawa sai kowa ya zube gwiwa biyu a kan kwalta mai zafi. Wanda ba ɗan gida ba dole ya tambaya, wai me suke wa sujada haka? Rana ce ko gunki?

Maganar ta ƙara tasowa bayan ranar 7 ga Satumba 2025, da Fafaroma Leo na 14 ya ayyana Carlo Acutis a matsayin waliyyi. Yaro ne ɗan Italiya da ya rasu a 2006 yana shekara 15, sankarar jini ce ta yi ajalinsa, gwanin kwamfuta ne, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka san shi da su shi ne yawan zama a gaban wannan abin da ake ɗagawa. Matasa sun yi ta yaɗa hotonsa a Facebook da WhatsApp, amma ko a cikin 'yan Katolikan ma da za ka tare goma ka ce su yi maka bayanin me zaman nan ke ƙara wa mutum, da yawa za su ce maka dai "akwai albarka" su yi shiru.

Mene ne a cikin gilashin?

Abin da ya yi kama da rana ɗin mazubi ne kawai, sunansa monstirans, daga kalmar Latin mai nufin nunawa. Ba shi ake wa sujada ba. A tsakiyarsa akwai ɗan gilashi zagayayye, a ciki kuma akwai gurasa marar yisti, fara, siririya, wadda Fada ya riga ya tsarkake a lokacin Mas, wato babbar ibadar Katolika, kuma ita ce ake kira Jibi Mai Tsarki. Nan ne duk maganar take.

Ɗarikar Katolika ta ɗauki maganar Yesu a daren jibin ƙarshe yadda ta zo, lokacin da ya ɗauki gurasa ya ce wannan jikina ne, ya ɗauki ƙoƙo ya ce wannan jinina ne. Ta kuma haɗa da Yohanna sura 6, inda ya ce namansa abinci ne na gaske, har almajirai da yawa suka ce maganar ta yi tsauri suka juya suka tafi, shi kuwa bai kira su ya ce misali nake yi ba. Don haka koyarwar ita ce, bayan addu'ar tsarkakewa ido gurasa yake gani, harshe ɗanɗanon gurasa yake ji, amma ainihin abin ya canza, Almasihu ne da kansa, jiki da jini, rai da allahntaka. Taron bishop-bishop na Lateran na huɗu a 1215 ya yi amfani da kalma ta musamman kan wannan canjin ainihi, taron Trent kuma ya sake tabbatar da shi a 1551. Kuma kasancewar tasa ba ta ƙarewa don an tashi daga Mas, muddin gurasar na nan yana nan. Shi ya sa ake ajiye ragowar a cikin ɗan akwatin nan mai makulli da ake kira tabanakul, ga 'yar jar fitila a gefe tana ci dare da rana.

To idan ka yarda da wannan, durƙuson ba ya buƙatar wani dogon bayani. Idan kuma ba ka yarda ba, ba abin da za a faɗa maka da zai sa ya yi ma'ana. Gara a faɗi wannan tun farko.

Daga ina abin ya faro?

Kiristocin farko ba su da monstirans. Suna ajiye gurasar ne don marasa lafiya da waɗanda ke kurkuku. Yustin Shahidi, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 150, ya ambaci yadda dikinoni ke kai wa waɗanda ba su samu zuwa taro ba. Daga ajiyewa ne girmama wurin ajiyar ya taso sannu a hankali.

Abin da ya ƙara wa al'amarin ƙarfi gardama ce. A ƙarni na 11 wani malami a Faransa, Berengar na garin Tours, ya yi ja da cewa gurasar na canzawa, aka yi ta kai ruwa rana har ya sa hannu a takardar amincewa a Roma a 1079. Bayan nan mutane suka ƙara ƙwaɗayin su ga gurasar da idonsu, aka fara ɗaga ta sama a tsakiyar Mas. Sai wata mai zaman zuhudu a Liyej, cikin Beljiyam ta yau, mai suna Juliana, ta dage sai an keɓe rana guda don wannan sakramenti. An fara wannan idi na Jiki da Jinin Almasihu a can a 1246, Fafaroma Urban na 4 ya faɗaɗa shi ga ikilisiya duka a 1264, Toma Akwinas kuma ya rubuta waƙoƙin idin, ciki har da Tantum Ergo da har gobe ake rerawa da Latin kafin Fada ya sa albarka, ko a ƙauyen da ba wanda ya taɓa karanta Latin. Wannan idin yana faɗowa ne a Mayu ko Yuni, lokacin damina a wurinmu, shi ya sa a Najeriya aka saba yin zagayen gari a Nuwamba ranar Kristi Sarki.

Daga baya aka samu sujadar awa arba'in da ta fito daga Milan a ƙarni na 16, sannan wadda ba a tashi sam. A babban cocin Zuciya Mai Tsarki da ke kan tudun Montmartre a Paris, tun 1885 ake karɓa-karɓa dare da rana, yaƙin duniya na ɗaya da na biyu duk sun zo sun wuce ba a tsaya ba.

Me ake yi a cikin awa ɗayan?

Awa ɗayan daga gonar Getsamani aka ɗauko ta, inda Yesu ya tarar da Bitrus da 'yan'uwansa suna barci ya ce ashe ba za ku iya yin tsaro da ni ko na sa'a ɗaya ba. Yawanci ranar Alhamis ake yi saboda daren Alhamis abin ya faru. Fada ko dikin zai fito da gurasar ya sa a monstirans a kan bagadi, a kunna kyandir, a sa turare, a yi waƙa ɗaya ko biyu, wani lokaci a karanta nassi, sai a yi shiru. A ƙarshe ya yafa mayafi a kafaɗa ya rufe hannuwansa da shi ya ɗaga monstirans ya yi alamar gicciye a kan jama'a. Rufe hannun nan yana da ma'ana, wato albarkar ba daga Fada take fitowa ba.

A cikin shirun kowa da abin da yake yi. Wani yana jan rosari, wato carbin Katolika, wani ya buɗe Zabura, wani ya sunkuyar da kai kawai. A ɗan ɗakin sujada na ikilisiyarmu takalma a bakin ƙofa ake barinsu, akwai tabarma a gaba da benci uku a baya, idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya sai ka ji har numfashin na kusa da kai. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da nake tararwa kusan kullum, ba ta iya karatu ba, ba ta zuwa da littafi, takan zauna ta miƙe ƙafa ta ɗora hannuwa a cinya tana kallon gaba, wani lokaci leɓenta na motsi wani lokaci ko motsi babu. Ita ce take tuna mini labarin manomin nan na ƙauyen Ars a Faransa, wanda limaminsu Yohanna Vianney ya tambaye shi me yake yi a coci tsawon lokaci haka, ya ce ina kallonsa yana kallona. Har cikin Katekizim, littafin koyarwar ikilisiya, an saka wannan amsar a wurin bayanin addu'ar zuci.

To ina amfanin?

Abu na farko da mutum ke samu shi ne shiru, kuma kada a raina shi. Mu duba rayuwarmu, daga asuba waya ce a hannu, kasuwa hayaniya, gida hayaniya, cocin ma kanta lasifika ce a ƙure. Yawancin addu'armu magana ce, Ubangiji ka ba ni, ka kare ni, ka buɗe mini hanya, muna gamawa mu ce amin mu tashi, ba mu taɓa tsayawa mu ji ko akwai amsa ba. Minti goma na farko a gaban Jibi Mai Tsarki wahala ce, gaskiya, tunanin kuɗin makaranta zai zo, bashin da ake binka zai zo, maganar da wani ya faɗa maka shekaranjiya za ta zo. Amma kamar ruwan rijiya ne da aka ɗebo da laka, idan ka ajiye bokitin ba ka taɓa shi ba lakar da kanta take kwanciya. Sai bayan ta kwanta mutum yake ganin abin da ke cikin zuciyarsa.

Kuma abin da yake gani ba kullum yake da daɗi ba. Nan ne amfani na biyu, wanda ni a ganina ya fi kowanne. Akwai shekarar da muka samu saɓani da yayana kan gonar da mahaifinmu ya bari, wata bakwai ba ma gaisawa, kuma ina zuwa Mas kowace Lahadi ina karɓar Jibi ba abin da ya dame ni, don a Mas akwai waƙa akwai tashi akwai zama, mutum na iya ɓuya a cikin jama'a. A ɗakin sujada babu wurin ɓuya. Duk ranar da na zauna sai fuskarsa ta zo mini, in kawar ta dawo, in kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya in ji sun yi nauyi a bakina a gaban wanda ya yafe wa masu gicciye shi. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Alhamis ta biyar ce na fita daga nan na hau mashin na tafi gidansa, na tarar yana alwashin ba zai saurare ni ba, matarsa ta kawo mini ruwa, muka zauna a ƙofar gida har aka yi duhu. Maganar gonar ba a ranar ta ƙare ba, amma a ranar muka gaisa. Limamai da yawa za su gaya maka inda aka kafa sujadar nan layin masu zuwa furta zunubi yakan ƙaru, kuma na gane dalili.

Sai kuma abin da take yi wa Mas ɗin kanta. Abin da ka saba da shi yakan zama kamar ba komai, ka shiga layi, ka buɗe hannu ko baki, ka ce amin, ka koma benci kana tunanin abincin rana. Wanda ya yi awa guda yana kallon gurasar nan yana faɗa wa zuciyarsa wane ne wannan, ranar Lahadi ba zai karɓa kamar da ba. Matsalar ba ƙarama ba ce, a 2019 cibiyar bincike ta Pew ta gano kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na 'yan Katolikan Amurka suka ce sun yarda gurasar na zama jikin Almasihu da gaske. An yi muhawara kan yadda aka tsara tambayar, amma ta girgiza bishop-bishop ɗinsu har suka shirya gangamin shekaru da ya kai ga babban taro a Indianapolis a Yulin 2024, inda dubban mutane suka durƙusa shiru a filin wasa.

Akwai kuma ta'aziyya ga wanda kalmomi suka ƙare masa. Matar da aka sace mijinta a hanya, uban da ya binne ɗansa, mutumin da likita ya gaya masa abin da ba ya so ya ji, irin waɗannan idan ka ce su yi addu'a ba su san ta inda za su fara ba. A nan ba a neman su ce komai. Duk wanda ya kalli abin da ya faru ranar 27 ga Maris 2020 zai tuna, lokacin korona, Fafaroma Francis shi kaɗai a dandalin Bitrus da ke Vatican ana ruwan sama, babu jama'a, ya ɗaga monstirans ya sa wa duniya albarka, ƙarar ƙararrawa na haɗuwa da jiniyar motar asibiti.

Na ƙarshe da zan ambata, sujadar gaske tana tura mutum waje. Uwa Teresa ta Kalkata ta sa 'yan ƙungiyarta yin awa guda kullum tun 1973, su da aikinsu shi ne kwasar marasa lafiya daga bakin titi, kuma ta sha faɗin cewa Yesun da suke kallo a gurasa shi ne suke taɓawa a jikin matalauci. Idan mutum ya shekara yana zuwa sujada amma har yanzu yana danne albashin yarinyar da ke masa aiki, to akwai inda abin ya tsaya a hanya.

Masu ja da abin, me suke cewa?

'Yan'uwanmu na ECWA da COCIN da Baptis da sauransu suna cin Jibin Ubangiji su ma, amma a wurin yawancinsu tuni ne, don Yesu ya ce ku yi wannan domin tunawa da ni. Hujjarsu a kanmu mai sauƙi ce, ya ce ku karɓa ku ci, bai ce ku ajiye ku kalla ba, kuma yi wa gurasa sujada ya saɓa wa dokar hana bautar abin da hannu ya yi. Martin Luther da kansa ya yarda Almasihu na cikin Jibin, amma bai yarda da ajiyewa da zagaye gari da shi ba, haka ma ƙa'idoji 39 na Angilikan sun ce Almasihu bai umarta a ajiye ko a ɗaga ko a yi masa sujada ba. 'Yan Otodoks sun yarda da canjin kamar mu, suna ajiyewa don marasa lafiya, sai dai ba su da al'adar fito da shi a zauna ana kallo. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa tun daga tushe muka rabu, tunda a wurinsu Annabi Isa manzo ne, sujada kuma ga Allah kaɗai take.

Ni ban ga laifin mai wannan tambayar ba, don da a ce gurasa ce kawai to da gaskiyarsa, bautar gunki muke yi. Amsar Katolika ita ce sujadarmu ga Almasihu take, kuma duk gardamar ta koma kan ko yana nan ko ba ya nan.

A cikin gida ma an yi ja. Bayan taron Vatican na biyu da aka gama a 1965, wasu malamai sun ga kamar sujadar ta janye hankalin mutane daga Mas, don akwai zamanin da mutane ke zuwa kallo amma da ƙyar suke karɓa sau ɗaya a shekara. A wurare da yawa a Turai aka yi watsi da ita. Fafaroma John Paul na 2 ya farfaɗo da ita, musamman a wasiƙarsa ta 2003 kan Yukaristi, wato Jibi Mai Tsarki, Benedict na 16 kuma a 2007 ya kawo maganar waliyyi Agustin cewa kada wani ya ci wannan naman sai ya fara yi masa sujada. Matsayin ikilisiya a yau shi ne sujadar daga Mas take fitowa kuma Mas take komawa, ba ta maye gurbinta.

"Adoreshon" irin namu

A Najeriya kalmar adoreshon, wato sunan wannan sujadar da Turanci, ta ɗauki wata ma'ana dabam. Idan ka ce za ka je adoreshon, da yawa abin da zai zo musu shi ne babban fili, kwana ana waƙa da rawa, warkarwa, annabci, ruwa da man da aka sa wa albarka, irin wanda Fada Ejike Mbaka ya yi suna da shi a Enugu. Mutane da yawa sun ce sun samu taimako a irin waɗannan wuraren kuma ba zan ƙaryata su ba, talakan da asibiti ya fi ƙarfinsa dole ya nemi inda zai kai kukansa. Amma akwai haɗari idan monstirans ya koma kamar laya, ana rububin taɓa shi, idon jama'a kuma ya koma kan wanda ke riƙe da shi. A 2022 sai da bishop na Enugu ya dakatar da taron na wani lokaci bayan kalaman siyasa da aka yi a wurin. Dokar ikilisiya a fili take, dole a ba shiru da karatun nassi wuri, ba a barin Jibin a buɗe ba kowa a gabansa ko na ɗan lokaci, kuma Fada ko dikin ne kaɗai ke sa albarka da shi.

Abin da ke damuna shi ne yaron da ya taso yana zaton idan ba a faɗi ƙasa ba, ba a yi ihu ba, to ba abin da ya faru. Irin wannan idan ka kai shi ɗakin da ba kowa sai tsohuwa mai daddawa zai ce wurin ya mutu.

Ga ɗan ikilisiya a Arewa

Sujadar da ba a tashi tana buƙatar mutane, mako guda awa 168 ne, idan za a sa mutum biyu a kowace awa ana neman 336 da za su riƙe alkawari, har da na ƙarfe biyun dare. A garuruwa da yawa na Arewa yanayin tsaro bai bar mutum ya fita a wannan lokacin ba, kuma a ƙauyukan da Fada ke zuwa sau ɗaya a wata katikis ne ke riƙe da jama'a, wani cocin ma babu tabanakul saboda tsoron a fasa a wulaƙanta abin da ke ciki. Shi ya sa yawancin ikilisiyoyi suke tsayawa kan yammacin Alhamis, ko Juma'ar farkon wata, da daren Alhamis Mai Tsarki da ake zama bayan Mas.

Amma ba sai an fito da monstirans ba. Duk cocin da jar fitilar nan ke ci, Almasihu yana nan a cikin tabanakul, kuma ƙofa a buɗe take a yawancin manyan coci da rana. Ɗan acaɓa na iya ajiye mashin ya shiga na minti goma tsakanin fasinja da fasinja, ma'aikaciyar jinya na iya biyawa bayan ta tashi daga aikin dare, ba a biyan ko kwabo, ba a tambayarka katin baftisma. Wanda bai saba ba ya fara da minti goma sha biyar, ya kashe waya tun daga bakin ƙofa, ya riƙe aya ɗaya kawai ya yi ta juya ta, idan tunani ya gudu ya dawo da shi ba tare da faɗa da kansa ba. Idan barci ya ɗauke shi saboda gajiyar yini, ya farka ya ci gaba, sati mai zuwa ya zo da wuri kafin jiki ya mutu.